Tsohuwa, Maimaici da Kwaikwayo: Tarihin Amfilifayar Bassman

A shekarar 1962, a unguwar Hanwell da ke yammacin Landan, akwai kantin kayan kiɗa na wani mutum mai suna Jim Marshall. Makaɗin ganga ne, yana kuma koyar da samari kiɗan, don haka ganguna ya fi sayarwa. Sai dai ɗalibansa in za su zo, sukan taho da abokansu masu kaɗa jita, kuma kukan waɗannan samari ɗaya ne kullum. Amfilifayar da ransu ke so ta Amurka ce, ta kamfanin Fender, ga tsada ga wuyar samu, waɗanda ake ƙerawa a gida kuwa ba sa ba su ƙarar da suke nema. Cikin masu zuwa kantin akwai Pete Townshend, wanda daga baya ya yi suna da ƙungiyar The Who, da Ritchie Blackmore, da Big Jim Sullivan. Marshall ba gwani ba ne a aikin lantarki. Sai ya sa mai yi masa gyara, Ken Bran, da wani saurayi mai suna Dudley Craven, suka ɗauki tsarin wata amfilifayar Fender da ake kira Bassman, suka bi shi kusan waya da waya, suka haɗa irinta da kayan da ake samu a kasuwar Ingila. Aka raɗa mata suna JTM45, harufan nan uku na Jim ne da ɗansa Terry da sunan gidansu.

Yau wannan JTM45 ta farko tana cikin abubuwan da masu tara tsofaffin kayan kiɗa ke rububi a kansu, suna kiranta ta asali, suna biyan maƙudan kuɗi. Amma a ranar da aka haife ta kwaikwayo ce tsantsa. Duk wanda ya tsaya yau yana shawarar ko ya sayi tsohuwar amfilifaya mai kwalba, ko wadda kamfani ya maimaita ƙerawa, ko wadda wani maƙeri ya kwaikwaya a shagonsa, ya kamata ya fara sanin wannan labari. Ita kanta Bassman ɗin da aka kwaikwaya ba daga sama ta faɗo ba.

Kwalbar da ake magana a kai, wadda tsofaffin masu gyaran rediyo ke kira bawul, gilashi ne da aka zuƙe wa iska. A ciki akwai zaren ƙarfe da ke yin ja in ya ɗau zafi, da faranti da ke jan wutar da zafin ya saki, a tsakaninsu kuma akwai wata siririyar raga. 'Yar wutar da jita ke turowa, wadda sau da yawa ba ta kai bolt ɗaya ba, ita ke hawa kan ragar nan tana buɗe hanya tana tsuke ta, sai babbar wuta ta ɗaruruwan bolt ta riƙa bin motsinta. Haka ƙaramar murya ke zama babba. Lee de Forest ne ya saka wannan raga a 1906, amma waɗanda suka mai da kwalbar abin dogaro su ne injiniyoyin kamfanin tarho na AT&T da reshensa Western Electric, domin da ita aka iya kai murya ta waya daga New York zuwa San Francisco a 1915. Daga nan rediyo ya karɓe ta, sinima ta karɓe ta, kamfanin RCA kuma ya riƙa buga littattafan da ke nuna yadda ake haɗa kowace kwalba, don mutane su sayi kwalabensa.

Cikin masu karanta irin waɗannan littattafai akwai Leo Fender. An haife shi a 1909 a kudancin Kalifoniya, ya karanci aikin akanta, aikin ya kuɓuce masa a shekarun karyewar tattalin arziki, sai ya buɗe shagon gyaran rediyo a garin Fullerton a 1938. Bai iya kaɗa jita ba, har ya bar duniya a 1991 bai iya ba. Abin da ya iya shi ne gyara, kuma makaɗa sun riƙa kawo masa amfilifayoyinsu da suka mutu. Ya ga inda suke karyewa, ya ga wahalar da mai gyara ke sha kafin hannunsa ya kai ga abin da ya ƙone. A 1945 ya haɗa gwiwa da Doc Kauffman suka fara ƙera nasu, bayan shekara guda Kauffman ya janye, Fender ya ci gaba da sunansa shi kaɗai. Bai taɓa ɓoye inda ya ɗebo iliminsa ba. In ka leƙa cikin akwatin tsohuwar Fender za ka ga wata takarda manne a jikin katako mai nuna mazaunin kowace kwalba, a jikinta kuma an rubuta cewa an ƙera ta ne da lasisin AT&T da Western Electric.

A 1951 ya fitar da jitar bas mai lantarki, Precision Bass, don ta maye gurbin ƙaton gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa ana tsinkar igiyarsa. Sabuwar jitar tana bukatar abin da zai ɗaga muryarta, shi ne a 1952 aka yi Bassman ta farko mai lasifika guda ta inci 15. Lasifikar ba ta jure dukan bas ba, sai a ƙarshen 1954 aka sauya ta da ƙanana huɗu na inci 10. Aka ci gaba da gyare-gyare shekara bayan shekara, Freddie Tavares yana taimaka wa Fender a ɗakin gwaji, har aka kai ga samfurin da ake kira 5F6-A a 1958. Shi aka yi ta ƙerawa zuwa 1960, sannan aka daina. Duk hayaniyar da ake yi a kan Bassman, a kan aikin waɗannan shekaru uku ake yin ta.

Ya kamata mu tsaya mu dube ta da kyau. Akwatin na katakon fain ne, an sassaƙa kusurwoyinsa sun shiga juna haƙori da haƙori, an lulluɓe shi da wani yadi ruwan ƙasa mai ratsin gicciye irin na akwatunan tafiya na wancan zamani, an shafe shi da fenti mai ƙyalli wanda ke yin duhu da tsufa. Maɓallan murɗawa suna sama ta baya, a kan farantin ƙarfe mai sheƙi, lambobinsu daga 1 zuwa 12, domin a lokacin makaɗi a gabansa yake ajiye amfilifaya yana tsaye a bayanta. Bayan akwatin a buɗe yake. In ka cire murfin katako guda, komai na gabanka: wani baƙin allo mai ƙananan zobban tagulla, kowace rasista da kowace kapasita an jera su a layi an liƙa ƙafafunsu da dalma, wayoyi masu rigar auduga sun tashi daga allon zuwa mazaunin kwalabe. Kwalaben shida ne, suna rataye kai ƙasa: manya biyu masu lamba 5881 su ke ba da ƙarfi na wat arba'in da ɗoriya, GZ34 guda tana mai da wutar bango ta zama wadda kwalabe ke iya ci, sai ƙanana uku, 12AY7 ɗaya da 12AX7 biyu. Lasifikokin na kamfanin Jensen ne na Chicago. A wani lungu na ƙarfen, sau da yawa za ka tarar da guntuwar takarda mai gam da aka rubuta suna da fensir. Sunan ma'aikaciyar da ta haɗa wayoyin ne, domin mata ne suka fi yawa a wannan layi, da yawansu 'yan asalin Meziko. Kamfanin kuma yana raba zanen tsarin wutar da zanen shimfiɗar kayan ga masu gyara, don kada mai shago a wani ƙauyen Texas ya tsaya yana lalube.

Abin da Fender ya nema shi ne murya tas, mai ƙarfi, ba gurnani. Makaɗan da yake hulɗa da su masu kiɗan karkarar Amurka ne, kuma su tsabtar murya suke so. Amma masu bas ba su riƙe Bassman ba, domin akwati mai buɗaɗɗen baya ba ya riƙe ƙasan murya in an matsa masa. Masu jita ne suka ɗauke ta, da masu busa hamonika. Suka gano cewa in an murɗa ƙarar ta wuce rabi, kwalaben sukan kai iyakar ƙarfinsu, sai muryar ta yi kauri ta soma kaushi mai daɗi, ta kuma daɗe tana amo kafin ta mutu. In ka taɓa igiya a hankali ta fito wasai, in ka daka ta yi gurnani, duk ba tare da ka taɓa maɓalli ba. Kwalbar GZ34 ma tana da nata hali: in aka daki igiya da ƙarfi wutar takan ɗan sauka na ƙiftawar ido sannan ta dawo, sai ka ji muryar ta ɗan lanƙwasa kafin ta buɗe. A idon injiniya duk wannan aibi ne. Buddy Guy na Chicago da ire-irensa a kan wannan aibin suka gina kiɗansu.

To, wannan ce aka kwaikwaya a Hanwell, kuma kwaikwayon bai fito da murya iri ɗaya ba. Bran da Craven sun sa 12AX7 a matakin farko a madadin 12AY7, ita kuwa ta fi ta ɗaga murya, don haka gurnanin kan zo da wuri. Taransifomar ta Ingila ce. Daga baya 5881 ta Amurka ta yi wuyar samu, aka koma KT66 ta gida. Mafi girma duka, sun raba kan amfilifayar da akwatin lasifika, suka zuba lasifikokin Celestion huɗu na inci 12 a rufaffen akwati. Zanen wutar kusan ɗaya, amma muryar ta fi duhu da nauyi. Da Eric Clapton ya shiga ɗakin ɗaukar murya da wata ƙanwar JTM45 a 1966, ya yi wani faifai tare da John Mayall da Bluesbreakers, sai ga shi abin da aka yi don rashin kuɗin sayen Fender ya zama abin da Amurkawa da kansu ke nema. A ƙarshen shekarun 1960 ma, wani mai gyara a Kalifoniya, Randall Smith, ya cusa tsari irin na Bassman a cikin ƙaramin akwatin Fender Princeton, daga nan aka samu kamfanin Mesa/Boogie.

A can Fullerton kuwa al'amura sun sauya. A watan Janairun 1965 Leo Fender, wanda ba ya jin daɗin jikinsa a lokacin, ya sayar da kamfanin ga CBS a kan dala miliyan 13. Taransisto, wadda aka ƙirƙira a ɗakunan binciken Bell a 1947, ta riga ta cinye kasuwar rediyo: ba ta zafi kamar kwalba, ba ta fashewa, ba ta da nauyi, ga araha. CBS ya fitar da amfilifayoyi masu taransisto a 1966, makaɗa suka ƙi su, ga saurin lalacewa. Masu kwalbar ma daga wajen 1968 aka soma taɓa tsarinsu don a rage gurnani a ƙara wat, aka sauya fuskarsu daga baƙa zuwa ruwan azurfa. Ba duka ne suka ɓaci ba, akwai masu kyau ƙwarai a cikinsu, amma magana ta riga ta bazu cewa na kafin CBS su ne na gaske. Masu gyara suka samu sabuwar sana'a ta mai da tsarin masu fuskar azurfa ya koma irin na da.

Nan ne kasuwar tsofaffi ta soma. Da farko ba wanda ya ɗauke su da daraja, kayan da aka gaji da su ne, suna jibge a shagunan jingina. Neil Young ya sayi wata ƙaramar Deluxe ta 1959 da araha a Los Angeles a ƙarshen shekarun 1960, ya shekara aru-aru yana hawa dandali da ita. Da sauran makaɗa suka ga manya na riƙe da tsofaffi, sai farashi ya fara hawa, ya kuma ci gaba da hawa. A daidai lokacin masana'antun kwalba na rufewa ɗaya bayan ɗaya, tunda talabijin da rediyo da sojoji duk sun koma taransisto. RCA ya rufe tasa ta Harrison a New Jersey a 1976. Mullard ta Blackburn a Ingila ta daina a farkon shekarun 1980. Aka wayi gari kusan masu jita da masu son sauraren faifai ne kaɗai suka rage suna neman kwalba.

A 1985 wasu ma'aikatan Fender ƙarƙashin William Schultz suka saye kamfanin daga hannun CBS. Sunan suka saya da zane-zanen, masana'antar Fullerton ba ta cikin cinikin. Mutane ne da ba su da komai sai tarihi, kuma suna gani da idonsu ana sayen abin da gidansu ya ƙera shekara talatin baya fiye da sabon da suke yi. A 1990 suka fitar da '59 Bassman, maimaicin 5F6-A, bayanta Twin Reverb da Deluxe Reverb na samfurin 1965 suka biyo. Marshall ma a ƙarshen shekarun 1980 ya dawo da JTM45 ɗinsa.

Ina ganin wannan maimaici ya yi wa makaɗa alheri babba, kuma masu raina shi ba su yi masa adalci ba. Saurayin da ba zai taɓa iya sayen ta 1959 ba ya samu wadda ta kama hanyar muryarta, sabuwa fil, da garanti, da filogi mai ƙafa uku. An yi faifai da yawa da ita, an zagaya duniya da ita. Amma daga waje ne take kama da uwarta. A fitowar farko akwatin na falle-fallen katako ne da aka manne, an cire kwalbar GZ34 an toshe gurbinta da wani ɗan abu mai aiki irin na taransisto, matakin farko kuma 12AX7 aka sa, wato sauyin nan da su Ken Bran suka yi. Sai a 2004 aka fitar da wadda ake kira LTD, aka dawo da katakon fain da kwalbar. Lasifikokin suna ɗauke da sunan Jensen, amma a Italiya ake yin su yanzu. Babban bambancin yana ciki: a maimakon baƙin allon nan mai zobba, akwai fanel na zamani da aka buga wa siraran hanyoyin tagulla.

An yi ta gardama a kan ko kunne na iya bambanta muryar fanel da ta wayar hannu. Ni ban yarda wannan ne wurin da ya kamata a ɓata lokaci ba, domin lasifika da taransifoma da kwalba sun fi allo tasiri a murya nesa ba kusa ba. Inda bambancin yake a fili shi ne kan teburin mai gyara. A allon hannu, rasista ta ƙone, ka ɗora ƙarfen dalma ka cire ta ka sa wata, an gama, kuma ko sau nawa aka maimaita zoben tagullar nan yana nan. A fanel sai ka kwance maɓallai, ka ɗaga allon ka kai ga bayansa, in hannunka ya daɗe da zafi kuma hanyar tagullar ta ɓare. Ana gyarawa, amma ya fi cin lokaci, kuma ba ya jure yawan taɓi.

Wannan gibi ne ƙananan maƙera suka gani suka shiga. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990 aka samu irin su Kendrick na Gerald Weber a Texas, da Victoria na Mark Baier a Illinois, waɗanda suka koma ga zanen Fender na shekarun 1950 suna haɗa shi da hannu yadda aka yi shi da fari: allo mai zobba, waya mai rigar auduga, akwatin fain, taransifomar da aka naɗe bisa awon ta da. Matchless kuma ya bi sawun Vox AC30 ta Ingila, wadda Beatles suka yi kiɗa da ita. Doka ba ta hana su ba, domin haƙƙin mallakar ƙirƙira yana da wa'adi, na waɗannan tsare-tsare ya daɗe da ƙarewa, ballantana yawancinsu tun asali daga littattafan masu kwalba aka ɗebo su. Sunan kamfani da tambarinsa ne ba a yarda ka ɗauka ba. Daga baya abin ya yaɗu har ana sayar da kayan a ƙunshe, da zane, mutum ya haɗa a ɗakinsa, kuma wani kamfani a Maleshiya mai suna Ceriatone ya yi suna a wannan harka. Da manyan kamfanonin suka ga inda kuɗi ke tafiya, su ma suka buɗe layin aikin hannu, Fender da Marshall duka, a farashin da ya ɗara na maimaicin fanel sosai.

Ba kowa ne ya so a kwaikwaye shi ba. Alexander Dumble, wanda ya rasu a 2022, ya fara ne da gyara amfilifayoyin Fender, sannan ya riƙa ƙera nasa ɗaya bayan ɗaya ga wanda ya ga dama, irin su Robben Ford da Larry Carlton da Carlos Santana. 'Yan ɗaruruwa kawai ya yi a duk rayuwarsa, kuma yakan zuba wani gam mai tauri ya rufe allon don kada a ga abin da ke ƙasa. Bai hana ba. An kankare gam ɗin, an zana tsarin, yau masu kwaikwayonsa sun fi a ƙirga. Na fi ganin girman Leo Fender a nan, mutumin da ya miƙa wa kowa zanensa.

Akwai kuma jabu, kuma shi dabam ne da kwaikwayo. Maƙerin da ya haɗa Bassman ya sa sunansa a gaba ya ce ga abin da na bi, mutumin kirki ne mai sana'a. Wanda ya shafa wa sabon yadi datti, ya buga takardar ƙarya, ya manna tambarin Fender ya ce ta 1959 ce, ɓarawo ne. Saboda irinsa ne masu sayen tsofaffi suka koyi karanta lambobi. A kan takardar nan ta cikin akwati akwai hatimin harufa biyu: na farko shekara, na biyu wata. An fara lissafin da A a 1951, don haka I ita ce 1959, sai ka ga IA ka san Janairun shekarar ne. A bakin ƙarfen lasifika, 220 lambar Jensen ce, lambobin da ke binta kuma su ne shekara da mako. Maɓallai da taransifoma su ma da nasu. In waɗannan ba su yi kusa da juna ba, to an sauya wani abu.

Kuma kusan kullum an sauya wani abu, dole ne ma. Abu mai shekara sittin da ɗoriya ba ya zama yadda aka yi shi. Manyan kapasitocin da ke tace wuta suna da ruwa a ciki, yakan bushe, sai ka ji amfilifaya na kurma, wata rana kuma ɗaya ta fashe ta tafi da taransifoma. Tsofaffin rasistoci sukan kauce wa awonsu, shi ya sa za a jera Bassman biyu na wata ɗaya ka ji kowace da muryarta. Takardar lasifika takan gaji ta yage. Wayar wutar ta asali ƙafa biyu gare ta, babu ta ƙasa, ga wata kapasita da aka haɗa tsakanin wutar bango da jikin ƙarfen, wadda in ta lalace wuta kan bi igiyoyin jita ta kai hannun mai kaɗawa. Duk mai gyaran da ya san aikinsa zai cire ta ya sa waya mai ƙafa uku. Su kuma kapasitocin nan sukan riƙe bolt fiye da 400 ko bayan an zare filogi, don haka ba wurin sa hannun wanda bai koya ba ne.

Nan ne mai tarawa da mai kaɗawa suka rabu. Mai tarawa yana son dalmar da ba a taɓa ba tun ranar da ma'aikaciyar nan ta ɗiga ta, kowane gyara a wurinsa ragin daraja ne. Mai kaɗawa yana son abin da zai kunna a daren biki bai mutu a tsakiyar waƙa ba. Ni ina tare da mai kaɗawa, kuma yana ba ni takaici in ga amfilifayar da aka yi don dandali an kulle ta a ɗaki ana jiran farashinta ya ƙaru. A gyara ta, a ajiye tsofaffin kayan da aka cire a leda don mai saye na gaba, a kaɗa ta. Amma a san cewa bayan an sauya kapasitoci, an sake takardar lasifika, an sa sababbin kwalabe, abin da ya rage na 1959 shi ne katako da ƙarfe da taransifoma da wani ɓangare na allo. Suna da tasirinsu, taransifomar musamman, kuma tsohuwa mai kyau in ta samu mai kula da ita tana da wata murya da ke sa mutum ya ƙi ajiye jita. Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, sai dai ba kowace tsohuwa ce haka ba, kuma ba a saye sai an kunna an ji.

Wanda amfilifaya ɗaya zai mallaka, da ita zai ci abinci, ban ba shi shawarar tsohuwa ba. In kuɗinsa kaɗan ne ya ɗauki maimaici, ya ba mai gyara ya duba masa awon manyan kwalabe, in yana son murya mai laushi irin ta da ya sa 12AY7 a matakin farko, abin da ba ya bukatar ko sukudireba. Maimaici yana da saurin sayarwa ma in bukata ta taso, saboda sunan da ke jikinsa. In yana da hali kuma yana nufin riƙe ta tsawon rai, kwaikwayon maƙeri mai gaskiya ya fi, ko da yake in ya tashi sayarwa zai yi asara, kuma maƙera ba ɗaya ba ne, akwai gwani akwai mai koyo. Dalilina shi ne kwaikwayon hannu ya gaji abin da Fender ya fi damuwa da shi, wato duk mai gyaran rediyon da ya iya karanta zane zai buɗe ya gane abin da ke gabansa.

Ga makaɗin da ke Kano ko Yamai ko Agadas, inda kiɗan jita ya yi ƙarfi har su Bombino da Mdou Moctar suka kai shi duniya, akwai wani lissafi kuma. Tsohuwar Bassman an yi ta ne don wutar Amurka ta wancan zamani, wajen bolt 117, tamu kuwa 220 zuwa 230 ce. Sai da taransifoma mai rage wuta za ta yi aiki, in an manta an soka ta kai tsaye kuma an gama da ita. Maimaici ana yin sa na wutar Turai, wadda ta yi daidai da tamu, maƙeri ma za ka iya ce masa ya naɗa maka taransifomar 230 tun daga farko. Ga hawa da saukar wutar janareta, ga zafin bazara a kan kwalabe masu zafin kansu, ga ƙurar hunturu da ke shiga maɓallai ta buɗaɗɗen baya. Kayan da za a iya samun madadinsu su suka dace da irin wannan wuri.

Abin da babu madadinsa cikin sauƙi, a kowace daga cikin ukun, shi ne kwalbar kanta. Bayan rufewar masana'antun Amurka da Yammacin Turai, aikin ya rage a wurare ƙalilan: Saratov a Rasha, inda Mike Matthews na Electro-Harmonix ya sayi masana'anta a ƙarshen shekarun 1990, da JJ Electronic a Sulobakiya, da Shuguang a Changsha ta ƙasar Sin. Sunayen Tung-Sol da Mullard da ake gani a sababbin kwalabe yanzu, a Saratov ake buga su. Na asalin da suka rage a kwalayensu ba a taɓa kunna su ba suna ƙarewa, kuma su ma an shiga yi musu jabu. Shuguang ta tsayar da aiki a 2019. A watan Maris na 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren, Rasha ta sa takunkumin fitar da wasu kayayyaki, aka ce kwalabe na ciki, cikin 'yan kwanaki shaguna a Amurka da Turai suka wayi gari kwalabe sun yi ƙaranci ƙwarai. An warware matsalar fitarwar daga baya, amma farashi ya riga ya tashi. Wanda zai sayi ɗaya daga cikin ukun yau, ya ware kuɗin kwalaben ajiya tun ranar ciniki: manya biyu da aka gwada awonsu ya zo daidai da juna, da GZ34 guda, da ƙanana ko da biyu. Manyan su suka fi saurin gajiya a hannun mai kiɗa kullum, kuma duk ranar da aka sauya su sai mai gyara ya sake duba awon wutar da ke ratsa su.